Taron Jama'a da Injin Niƙa

Duk wanda aka taɓa aike kai niƙa yana yaro ya san halin masara a bakin inji. Mai inji zai juye kwano a mazurari, ƙwayoyi su yi ta gangarawa ta ɗan wuyan nan, can sai ka ji ƙarar injin ta canja, ba abin da ke sauka. Ka leƙa, ba dutse, ba tsumma, ba kuma wata ƙwaya da ta fi ramin girma. Ƙwayoyi biyar ko shida ne suka iso a tare, kowacce ta tokare 'yar'uwarta, nauyin na sama kuma ya ƙara ɗaure su. Sai an sa sanda an zungura.

To, masanan da ke lissafin tafiyar mutane a cunkoso abin da suke kallo ke nan, sai dai nasu hatsin yana da ƙafafu. A 1995 wani Bajamushe, Dirk Helbing, da abokin aikinsa Peter Molnar suka zuba mutane a kwamfuta. Kowane mutum ɗigo ne, amma an ba shi abin da masara ba ta da shi, wato niyya. Yana da inda ya nufa, yana da saurin da yake so, kuma ba ya son ya gogi bango ko jikin wanda bai sani ba. Da aka saki ɗigogin nan sai suka yi abin da muke yi ba wanda ya koya musu: masu yin gabas suka bi bayan juna, masu yin yamma suka ja nasu layin, ba ɗan sanda ba ɗan agaji.

Daga baya aka sa musu ƙunƙuntar ƙofa, aka ƙara musu gaggawa. Maimakon su fita da wuri, sai suka cushe a bakin ƙofar, fitar ta koma tsam-tsam. Mai inji ba zai yi mamaki ba. Ya san in ka danna masara da tafin hannu don ta yi maza, toshewa za ta yi. Sauri kan haifi nawa.

Inda wannan ilimi ya taɓa mu kai tsaye shi ne Mina. Ranar 12 ga Janairun 2006 alhazai sama da 340 suka rasu a mashigar gadar jifan Shaiɗan. Helbing da wani masani, Anders Johansson, suka bi bidiyon ranar daki-daki. Da fari jama'a na tafiya sumul. Da yawansu ya ƙaru sai tafiyar ta koma a tsaya a matsa, a tsaya a matsa. Daga nan taron ya fara tangal-tangal, ana jefa mutum hagu da dama ba da son ransa ba. In mutum shida ko bakwai suka matsu a murabba'in mita ɗaya, niyyar nan da aka ba ɗigo ta ƙare, mutum ya zama ƙwayar masara sosai. Wanda ke ture ka, shi ma ture shi ake yi. Da yawa a irin wannan hali matsewar ƙirji ce ke kashe su, wasu ma suna tsaye.

Gyaran da Saudiyya ta yi irin na mai inji ne mai hankali. Aka rushe tsohuwar gada, aka gina sabuwa mai hawa-hawa da ƙofofi da dama, wato mazurari ya yi yawa. Aka raba hanyar zuwa da ta dawowa, don hatsi da gari ba sa bin rami ɗaya. Aka kuma ba kowane rukunin tantuna lokacin jifansa, kamar yadda ake jera kwanuka a ƙasa, ba a juye na biyu sai na farko ya shige.

Duk da haka, a 2015 aka sake yin babban rashi, ciki har da alhazan Nijeriya da Nijar masu yawa. Wannan karon ba a kan gadar ba ne, a mahaɗar titi mai lamba 204 da mai lamba 223 ne ayari biyu suka yi kiciɓis. In ka faɗaɗa wuya ɗaya, cushewa na iya komawa wani wuyan da ba ka duba ba.

Don haka mai shirya rabon shinkafa, ko taron filin Idi, ko wasan ƙwallo, ya rage dogaro da bulala da cewa mutanenmu ba su da haƙuri. Ya tambayi kansa mutum nawa ƙofarsa ke iya haɗiyewa a minti ɗaya, ta ina za su fita, kuma wa zai tsayar da na baya tun suna nesa, kafin su iso bakin ƙofa.