Mishmish a Ɗan Kassari: ina gaskiya, ina ƙarin gishiri?

Wani maƙwabcina a nan Ɗan Kassari ya dawo daga Aljeriya da ƙullin busasshen mishmish, wanda masu Faransanci ke ce wa abriko. Ya zo mana da labari kuma, wai tunda itacen na yi a ƙasa mai zafi, a Arewa ma ruwa kaɗai zai nema. Har ya binne ƙwallaye a bayan ɗaki, kullum yana juye musu ruwan alwala.

Rabin maganarsa gaskiya ce. Mishmish na jure rana da fari, kuma ana noma shi sosai a N'Gaous da Messaad. Abin da bai lura da shi ba, waɗannan garuruwan kan tudu suke, da hunturu ruwa kan daskare da dare. Itacen sai ya zubar da ganye ya yi barci cikin sanyi kafin ya yi fure. Yawancin irinsa na buƙatar awa 300 zuwa 900 na sanyin da bai wuce digiri 7 ba, masu sauƙin ma, irin Katy da Gold Kist, sai sun samu kamar awa 200 zuwa 300. Mu kuwa daga Dogon Dutsi har Tibiri, daren da muke kwana kusa da murhu a watan Janairu da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. Ƙwallon zai iya tsirowa, ya yi ganye shar. 'Ya'ya dai, sai a ce irin ta Misirawa, waɗanda in suna nufin abu ba zai taɓa yiwuwa ba sukan ce sai lokacin mishmish. Ko ruwan kwarin Dallol Mawri duka aka ba shi, ba ya maye gurbin sanyi.

Mai fadama da ke son itacen kuɗi, a ganina gara ya nemi magarya mai aure, wadda cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa da sunan tuffar Sahel.

Jita-jitar da ta fi damuna ita ce ta WhatsApp, wai ƙwayar cikin ƙwallon mishmish na maganin ciwon daji. Ƙarya ce. Tana ɗauke da sinadarin da ke rikiɗewa gubar sayanayid a cikin mutum. A 2016 hukumar lura da abinci ta Tarayyar Turai ta ce fiye da ƙanana uku a zama ɗaya na iya cutar da babba, ƙaramin yaro kuwa ko ɗaya ta yi masa yawa. Na roƙi maƙwabcin nawa ya kwashe sauran ƙwallayen daga inda jikokinsa ke fasa aduwa.