Douk-Douk: Wuƙar da Ta Yi Kwantai a Wata Kasuwa, Ta Samu Gida a Afirka

Cikin dattawanmu da suka yi fatauci a ƙasashen da Faransa ta taɓa mallaka, da yawa sun san wata siririyar wuƙar aljihu mai baƙar ƙota ta ƙarfe, wadda idan an ninke ta ba ta fi kaurin 'yan takardun kuɗi ba. Da ita ake yanke igiyar buhu, a ɓare goro, a fere rake, a gyara alƙalamin yaro ɗan makarantar allo. Sunanta Douk-Douk, ana furta shi Duk-Duk. Kowa ya san wuƙar, amma tambayi wanda ya zana ta, sai ka ji shiru.

Ni sana'ata sayar da kayan ƙarfe ce a Garwa: kwaɗo, ƙusa, almakashi, wuƙaƙe da makamantansu. Wuƙaƙen da suka bi ta hannuna ba su ƙirguwa, masu tsada da masu araha. A cikinsu duka, aikin mutum ɗaya ne ya sa na ware 'yar akwati a gida ina tara irinsa, ba don sayarwa ba. Mutumin nan Bafaranshe ne, sunansa Gaspard Cognet, kuma a shekarar 1929 ya fitar da wannan wuƙa.

Garin da ya haife ta

Kamfaninsu, M.C. Cognet, yana garin Thiers, wanda ake furtawa Tiyer, a tsakiyar Faransa. Garin maƙera ne tun ɗaruruwan shekaru, kuma har gobe mafi yawan wuƙaƙen da ake ƙerawa a Faransa daga can suke fitowa. Wani kogi mai suna Durolle ne ke ratsa garin, ƙarfin ruwansa ne a da yake juya duwatsun wasa wuƙa. Masu wasawar kuwa rub-da-ciki suke kwanciya a kan katako, dutsen na juyawa a ƙarƙashinsu, su danna ƙarfe da nauyin jikinsu tun safe har yamma. Saboda sanyin wurin, wasu har kare suke ɗorawa a kan ƙafafunsu don ya ɗumama su. A irin wannan gari, inda kowane gida ya san ƙarfe, Cognet ya zauna ya yi tunanin wuƙar da talaka zai iya saya, wadda kuma za ta jure tafiyar jirgin ruwa da zafi da ƙura.

Abu shida kacal

Abin da ya fara burge ni a aikinsa shi ne ƙarancin kayan haɗi. Kwance wuƙar gaba ɗaya, abu shida za ka samu: ruwan wuƙar, ƙotar, sifirin ɗin da ke riƙe ruwan, 'yar ƙawanyar da ake ɗaura igiya, sai ƙusoshi biyu. Shi ke nan. Babu katako, babu ƙaho, babu roba, babu sukurun da zai kwance ya ɓata a hanya. Ƙotar ma fallen ƙarfe ɗaya ne aka lanƙwasa shi biyu, sifirin ya kwanta a cikinsa.

Mu da muke lissafin kuɗin mota da na dako mun san amfanin wannan. Kaya marar kauri, marar nauyi, kwali ɗaya ya ɗauki da yawa, kuma babu abin da zai fashe in an jefo shi daga saman mota. Babbar, wadda tsawonta a buɗe ya kai santimita 20, nauyinta bai wuce wajen giram 70 ba. Ka sa ta a aljihun 'yar-ciki, wallahi sai ka manta tana nan.

Ga kuma wata dabara da masu zuwa shagona ke yawan tambaya a kai. Yawancin wuƙaƙen aljihu suna da 'yar tsaga a jikin ruwan inda ake sa farce a buɗe. Wannan ba ta da ita. Ruwan nata an ƙwaƙule shi kaɗan ta gefe biyu wajen wasawa, don haka da babban yatsa da manuni ake kama shi a ja. Sifirin ɗin yana da ƙarfi ƙwarai, kuma idan ruwan ya kai rabin hanya sai ya tsaya cak, ko wajen buɗewa ko wajen rufewa. Wannan tsayawar ita ce ke ba yatsunka damar kaucewa kafin bakin ya faɗo. Mutum ne ya zauna ya yi tunanin yatsan wanda bai taɓa gani ba.

Shi kuwa ƙarfen ruwan, irin wanda ke tsatsa ne, mai yawan sinadarin kabon, kuma ba a gasa shi ya yi tauri sosai ba. Wani zai ce aibi ne, don tana saurin dakushewa fiye da wuƙaƙen zamani. Amma mai tafiya ya san abin da ya fi masa. Kowane dutse mai laushi, ko gindin kofin tangaran, ya isa ka dawo mata da kaifi kamar aska cikin 'yan mintoci. Wuƙa mai taurin gaske in ta dakushe a ƙauye, sai dai ka jira ka dawo birni.

Kasuwar da ta ƙi, da wadda ta karɓa

A nan ne labarin ya fi shafar mu 'yan kasuwa. Cognet bai yi wuƙar nan don Afirka ba. Tsibiran Melaneshiya da ke Tekun Pasifik ya nufa da ita. Shi ya sa ya buga hoton wani dodo a jikin ƙotar, mai doguwar hula mai tsini da jiki lulluɓe da ganye. Duk-Duk sunan dodon wata ƙungiyar asiri ce ta mutanen Tolai, a tsibirin da yau ke cikin ƙasar Papuwa Niyu Gini. Ya ɗauka ganin abin da suka sani zai ja su. Kasuwar ba ta yi ba, kaya suka yi kwantai.

Wani da ya tattara ya koma ƙera cokula. Shi sai ya juya akalar kayan zuwa Afirka ta Arewa, wato Aljeriya da maƙwabtanta, inda wuƙar ta samu karɓuwar da ba a zata ba. Daga can ta gangaro kudu da Sahara, a cikin kayan fatake da na sojoji. Yawanta a Aljeriya ya kai har lokacin yaƙin neman 'yanci, daga 1954 zuwa 1962, mahukuntan Faransa suka ɗauke ta a matsayin makami, suka hana shigar da ita ƙasar.

Da kamfanin ya ga inda masu sayen suke, sai ya lura cewa Musulmi da yawa ba sa son yawo da hoton dodo a aljihu, balle su shiga masallaci da shi. Bai taɓa ruwan ba, bai taɓa sifirin ba. Hoton da launin ƙotar ya canza, ya fitar da wani samfuri mai suna El Baraka. Kun ga darasin ai: in kaya na da kyau amma ba ya tafiya, kafin ka karya farashi, duba ko akwai wani ɗan abu a jikinsa da ke korar mai saye.

Waɗanda na zaɓa

Tara kaya ciwo ne in ba a sa masa iyaka ba, kuma mai iyali a ƙasar mutane yana da kuɗin haya da na makaranta da na aikawa gida. Don haka ƙa'idata ita ce, ba na ajiye wuƙar da ba ta da abin da za ta nuna mini wanda sauran ba su nuna ba. Da wannan ma'auni, guda huɗu ne a akwatina.

Ta farko, kuma wadda ta fi kwanta mini a rai, ita ce El Baraka babba. Ƙotarta fara ce mai sheƙi, don an shafe ta da nikel, kuma a jikinta an zana alamar nan ta Agadas da maƙeran Abzinawa ke yi da azurfa, wadda matan Nijar ke ratayawa a wuya. Duk ɗan Nijar da na nuna wa sai ya yi murmushi, don ya ga abin gida a jikin kayan da aka ƙera a tsakiyar Faransa. Farar ƙotar kuma ta fi baƙar jure gumin hannu. In mutum guda ɗaya zai saya, wannan nake ba shi shawara.

Ta biyu ita ce ta asalin, baƙa mai hoton dodon, wadda ruwanta ke da zanen furanni irin na adon Larabawa, bakinsa kuma ya ɗan lanƙwasa kamar takobin Turkawa. Wannan ba na fita da ita, tana cikin akwati saboda tarihinta, don ita ce uwar sauran. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da hoton ba, ya bar ta, bai rasa komai ba ta fuskar aiki.

Ta uku ita ce wadda Faransawa ke kira L'Écureuil, ni kuwa mai kurege nake ce mata, don hoton kurege ne a ƙotarta. An yi ta ne don kasuwar cikin Faransa, kuma bambancinta yana ga ruwan: tsininsa a tsakiya yake kamar na mashi. Wajen huda fata ko buɗe ɗinkin buhu ba tare da an yaga shi ba, ta fi 'yan'uwanta daɗin sarrafawa. Ajiye ta kusa da ta asalin, za ka ga yadda sauya siffar baki kaɗai ke sauya aikin wuƙa.

Ta huɗu ƙarama ce, mai tsawon santimita 16 a buɗe. Ita ce ta aikin yau da kullum a shago, kuma ita ce uwargida ke ara in za ta yanka zare ko ta ɓare lemo.

Akwai wasu da na gani na wuce. Akwai Tiki, mai hoton gunkin mutanen tsibiran Polineshiya. Akwai ƙatuwa mai santimita 26, wadda ta fi ƙarfin aljihu. Akwai kuma na zamani masu fenti kala-kala, da masu ƙarfen da ba ya tsatsa. Ba laifi gare su, sai dai ba su ƙara mini sanin komai game da tunanin mai zanen ba.

Wasu abokai kan ce Opinel ta fi, wato wuƙar Faransa mai ƙotar katako da Joseph Opinel ya fara ƙerawa a 1890. Gaskiya ta fi daɗin riƙewa in aikin mai tsawo ne, kuma tun 1955 aka sa mata zoben da ke kulle ruwan. Amma wanda ya yi damina a Duwala ko Kumasi ya san yadda katakonta ke kumbura da laima har buɗewa ta gagara. Ƙotar ƙarfe ba ta san wannan ba. Kowacce da ranarta.

Kama da wane ba ta wane

Duk kayan da ya yi suna sai an yi jabunsa, wannan ma ba ta tsira ba. Rubutun da ke cewa an ƙera a Faransa ba hujja ba ne, mai jabu ma ya iya rubutu. Hannunka ne alƙali. Buɗe ta: in ta buɗe salin-alin kamar ƙofar da ba ta da sakata, sifirin ɗin na banza ne. Duba ko tana tsayawa a rabin hanya. In ta buɗe duka, kama ruwan ka girgiza shi hagu da dama, ta ƙwarai ba ta rawa. Sannan ka dubi zanen ƙotar, na asali layukansa a fili suke, na jabu kuwa kamar an shafe su da yatsa. Haɗarin jabu ya wuce asarar kuɗi, domin wuƙar nan ba ta da makulli, ƙarfin sifirin kaɗai ke hana ta rufewa a kan yatsu. Araha ba ta ado, a nan kam har jini tana iya fitarwa.

Kulawa, yara da bakin iyaka

Tunda ƙarfen mai tsatsa ne, a goge ta da zarar an yanka lemo, mangwaro ko albasa, a shafa mata ɗigon man gyaɗa, har cikin mahaɗar. In ruwan ya yi duhu-duhu da amfani, kada a damu, wannan launin ma kariya ne. Jan tsatsa ne abin gudu.

A tuna kuma ba wuƙar yanka ba ce. Ragon layya yana buƙatar doguwar wuƙa mai kaifi irin wadda maƙeranmu na gida ke bugawa daga sifirin mota, kuma a wannan fage babu Baturen da ya fi su.

Iyaye, don Allah a kula. Sifirin da ke ba babba tsaro shi ne ke cizon yaro, don ƙaramin hannu ba ya iya riƙe ruwan in ya tashi rufewa. Akwatina a kulle take, makullin yana wurina.

Sai maganar tafiya. Mu baƙi ne a inda muke, kuma abin da ɗan ƙasa zai yi a kau da kai, baƙo yana iya kwana a ofishin jandarma a kansa. Dokar ɗaukar wuƙa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a tambaya kafin a tashi. A jirgin sama ba a shiga da ita a aljihu ko a jakar hannu, sai a cikin babban kaya. A mota ma gara tana cikin akwati da a same ta a jikinka a shingen bincike. In kuwa da yawa ka ɗauko don sayarwa, ka riƙe takardar sayen, ka nuna wa 'yan duwan da kanka tun kafin su tambaya.

Har yau ana ƙera Douk-Douk a Thiers, kusan yadda Cognet ya zana ta shekaru fiye da 90 da suka wuce. Wanda ke da tsohuwa a cikin kayan mahaifinsa ko kakansa, kada ya yar don ta yi tsatsa. A jiƙa ta da mai kwana ɗaya, a goge da tsumma, a ɗora ta a kan dutse. In sifirin bai karye ba, za ta koma aiki.