Tseren Keken Faransa: Yadda Daƙiƙa 8 Suka Kunyata Masu Kintace

Duk shekara da zarar watan Yuni ya raba tsakiya, akwai wata hidima da takan tashi a ofisoshi da gidajen shan shayi na ƙasashen Faransa da Beljiyam da Holan. Za a ga akawu da injiniya da ɗan makaranta kowa ya duƙufa a kan takarda ko wayar hannu yana jera sunaye, ya soke wannan, ya mai da wancan sama. Abin da suke yi shi ne kintacen wanda zai ci babban tseren keke na kewaya ƙasar Faransa, watau Tour de France, wanda akan yi cikin watan Yuli. A Holan abin ya zama al'ada, har ma'aikatan ofis ɗaya sukan haɗa tasu gasa: kowa ya zaɓi mahayansa tun ba a tashi ba, a riƙa ba shi maki gwargwadon abin da suka yi kowace rana. Waɗansu don raha suke yi, waɗansu kuma sukan kai abin ga caca, su yi asarar abin da ya kamata a yi cefane da shi.

Kafin a gane wuyar wannan kintace, sai an san yadda tseren yake. A shekarar 1903 aka fara shi, kuma wata jarida ce mai suna L'Auto ta ƙirƙiro shi a ƙarƙashin editanta Henri Desgrange, ba don kome ba sai don ta ƙara samun masu saye. A yanzu akan raba tafiyar zango 21 cikin mako uku, nisanta kuwa yakan kusa kilomita 3,500. Mahaya suna zuwa ƙungiya-ƙungiya, kowace da mutum 8. Kullum akwai wanda ke cin zangon ranar, amma ba yawan cin zango ke ba mutum gasar ba. Lokacin da kowane mahayi ya ɓata akan tara tun daga ranar farko, wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ke kan gaba, shi ne kuma ke sa riga mai ruwan ɗorawa, wadda aka fara bayarwa a 1919. Saboda haka mutum yana iya ɗaukar gasar ba tare da ya ci zango ko ɗaya ba, an kuwa taɓa yin haka. Masu hawan Raleigh a garuruwanmu ma suna da ɗan abin tinƙaho a nan, gama ƙungiyar da kamfanin ya ɗauki nauyinta ce ta ci gasar 1980 da mahayinta Joop Zoetemelk, mutumin Holan.

To, mai kintace na gaske ba da ka yake yi ba. Tun watan Oktoba, sa'ad da masu shirya gasar ke bayyana hanyar da za a bi, yake fara nazari. Zai duba kwana nawa za a yi ana hawan duwatsun Alps da Pyrenees, da kuma kilomita nawa aka ware wa tseren ɗai-ɗai, inda akan saki mahaya ɗaya bayan ɗaya, kowa da agogo yake kokawa, kowa tasa ta fisshe shi. Marar nauyi shi ke jin daɗin hawa, mai ƙarfin cinya kuwa shimfiɗaɗɗiyar hanya ce tasa. Sa'an nan ya duba mataimaka, domin wanda ya laɓe a bayan wani iska ba ta dukansa, yakan tsimi kusan sulusin ƙarfinsa. Jagoran da ke da barori bakwai masu kare shi daga iska, masu kawo masa ruwa da abinci, ba ɗaya yake da wanda aka bari shi kaɗai a gindin dutse ba. A zamanin nan kuma an ƙara da lissafi: masu sha'awa sukan auna mintin da mahayi ya yi wajen hawan wani dutse, su haɗa da nauyin jikinsa, su fitar da ƙarfin da ƙafafunsa ke bayarwa. Lalle akwai ilmi a cikin wannan, kuma sau da yawa yakan faɗi daidai. Amma shekarar da aka fi tunawa a tarihin gasar ita ce wadda ya faɗi ba daidai ba tun daga ranar farko har ta ƙarshe.

A 1989 sunan da ya fi yawa a bakin mutane shi ne na Pedro Delgado, mutumin Sifen, wanda ya ci gasar 1988. Bayansa sai Laurent Fignon, Bafaranshe, wanda ya ci a 1983 da 1984, kuma bai daɗe da dawowa daga Italiya ba inda ya lashe babban tseren ƙasar. Shi kuwa Greg LeMond na Amurka, ko da yake ya ci a 1986, kusan an shafe sunansa. A watan Afrilu na 1987 wani surukinsa ya harbe shi bisa kuskure a wurin farauta, ya kusa rasa ransa, har waɗansu ƙwayoyin harsashin suka zauna a jikinsa ba a iya cire su ba. Gasa biyu ta wuce ba shi. Ya dawo cikin wata ƙungiya marar ƙarfi, kuma a tseren Italiya na wannan shekara na 39 ya zo. Wane mai hankali zai rubuta sunansa a sama? Akwai dai wata 'yar alama da kaɗan suka kula da ita: a tseren ɗai-ɗai na ranar ƙarshe a Italiya, LeMond ya zo na biyu, ya kuma ba Fignon rata fiye da minti ɗaya.

Abin mamaki na farko a ƙasar Luksambur ya faru, inda aka buɗe gasar. Delgado, mai riƙe da kambi, ya tafi ɗumama jiki, bai iso wurin tashi ba sai da lokacinsa ya wuce da minti 2 da daƙiƙa 40, agogo kuwa yana ta tafiya. Ya kwana shi ne na ƙarshe duka. Kashegari ya gaza a tseren ƙungiya, ratar ta haura minti 7. Daga baya ya yi ta ƙoƙari a kan duwatsu har ya gama na uku, minti 3 da daƙiƙa 34 bayan wanda ya ci. Ashe waɗanda suka zaɓe shi ba su yi kuskure a kan ƙafafunsa ba. Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne mutum ya makara ga aikinsa.

Daga nan sai gasar ta koma ta mutum biyu. LeMond ya karɓi rigar a zango na 5, Fignon ya ƙwace a na 10, LeMond ya mai da ita a na 15, Fignon ya sake amshewa a na 17 a kan dutsen Alpe d'Huez. Kashegari ya ƙara rata ta zama daƙiƙa 50. A galibin shekaru da magana ta ƙare ke nan, domin zangon ƙarshe shagali ne, ba a cika kai wa mai riga hari ba. Amma a wannan shekara an shirya a rufe da tseren ɗai-ɗai na kilomita 24.5, daga Versailles zuwa tsakiyar birnin Faris, ran 23 ga Yuli.

Masana suka zauna suka yi lissafi. Kafin LeMond ya ci sai ya riƙa rage daƙiƙa biyu a kowace kilomita, daga hannun mutumin da shi ma gwani ne a irin wannan tsere, a garinsu, a gaban jama'arsa. Hanyar gajera ce, ga shi kuma tana ɗan gangarawa. Kusan kowa ya ce ba za ta yiwu ba, kuma a gaskiya ba wauta suka yi ba, hujjarsu mai ƙarfi ce. Sai dai akwai abubuwa uku da lissafin bai ɗauka ba. LeMond ya ɗaura wa kan kekensa waɗansu ƙahoni da ke miƙewa gaba, irin na masu gasar iyo da keke da gudu, ya kwantar da hannuwansa a kansu, ya tsuke jikinsa, ya sa hular kwano mai tsini ta baya, iska tana zamewa ta kansa. Fignon kuwa ya fito kai ba hula, gashinsa a ɗaure yana kaɗawa. Na biyu, Fignon yana fama da wani ƙurji a wurin zama wanda ya hana shi barci, ya hana shi daidaita a kan sirdi, 'yan kallo kuwa ba su da labari. Na uku, LeMond ya ce kada a riƙa gaya masa lokaci a hanya, ba ya son ya san kome sai taka feda.

Ya yi tafiyar da gudun da ya zarce kilomita 54 a awa. Fignon, wanda ya taso daga ƙarshe, ya shigo babban titin Champs-Élysées jama'a suna ta ƙirga daƙiƙa da baki. Ya ƙetare layi daƙiƙa 58 a baya, ya zube ƙasa. Bayan tafiyar kilomita 3,285 da fiye da awa 87 a kan sirdi, tsakaninsu daƙiƙa 8 ne, watau abin da bai wuce mita 120 ba. Ba a taɓa samun rata ƙarama kamar wannan ba a tarihin gasar. Fignon ya rasu a 2010 yana da shekara 50, kuma har ya bar duniya mutane da yawa sun fi saninsa da daƙiƙa takwas ɗin nan bisa ga nasarorinsa biyu.

Da ma Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, amma ɗan Adam da mantuwa. A 2020, shekarar da annobar korona ta sa aka ɗaga gasar ta kai watan Satumba, sai ga irin wannan rana ta sake zagayowa. Primož Roglič na ƙasar Sulobeniya ya iso zango na 20 da ratar daƙiƙa 57, ƙungiyarsa ta fi ta kowa ƙarfi, kuma shi ma gwanin tseren ɗai-ɗai ne. Mai bi masa ɗan ƙasarsu ne, Tadej Pogačar, yaro ɗan shekara 21 da bai taɓa shiga gasar ba, wanda tun a zango na 7 iskar gefe ta raba shi da na gaba ya yi asarar fiye da minti ɗaya. A tafiyar kilomita 36 da ta ƙare a kan tudun La Planche des Belles Filles, yaron ya ba Roglič minti 1 da daƙiƙa 56, ya ɗauki gasar da daƙiƙa 59.

Wani abin da babu mai iya auna shi kuma shi ne faɗuwa. A 1971 Luis Ocaña na Sifen ya ba Eddy Merckx, gagaran zamanin, rata fiye da minti 7, har an fara cewa mulkin Merckx ya ƙare. Ana gangarowa daga dutsen Menté cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya sai Ocaña ya faɗi, na baya suka afka masa, aka kwashe shi zuwa asibiti. Merckx ya ƙi sa rigar kashegari don girmama shi, amma dai shi ya ci. A 2014 ma manyan da aka fi zaɓa su biyu, Chris Froome da Alberto Contador, duk faɗuwa ta fitar da su tun ba a yi rabin tafiya ba, Vincenzo Nibali na Italiya ya wuce abinsa.

Duk da haka kada a ɗauka kullum kunya masu kintace suke sha. Akwai zamanin da gasar kan zama kamar gadon gidan mutum ɗaya. Jacques Anquetil da Merckx da Bernard Hinault da Miguel Indurain kowannensu sau biyar ya ci. Daga 2020 zuwa 2025 kuwa mutum biyu ne kaɗai suka yi ta karɓa: Pogačar a 2020 da 2021 da 2024 da 2025, Jonas Vingegaard na Danmak a 2022 da 2023. A irin wannan lokaci faɗin wanda zai ci ba gwaninta ba ce, sai gardama ta koma kan wa zai zo na uku, wa zai ɗauki koriyar riga ta masu gudun ƙarshen zango, wa zai ɗauki mai ɗigon ja ta mahaya dutse. A nan ne aka ga abin da kaɗan suka hango a 2024, sa'ad da Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku, ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a gasar, ya kuma tafi gida da koriyar riga. Faransawa kuwa abin tausayi, son zuciya ke rubuta musu takarda. Tun da Hinault ya ci a 1985, har zuwa gasar 2025 ba wani ɗan ƙasar da ya sake ɗauka, amma ba shekarar da ba a samun waɗanda za su rantse cewa bana tasu ce.

Akwai kuma waɗanda suka faɗi daidai, daga baya aka ce musu ba haka ba ne. A 2006 Floyd Landis na Amurka ya sa rigar a Faris, bayan 'yan kwanaki gwaji ya nuna ya yi amfani da maganin ƙara kuzari, aka mai da nasarar ga Óscar Pereiro. Ta 2010 ma an karɓe daga hannun Contador a 2012, aka ba Andy Schleck. Mafi girma duka ita ce ta Lance Armstrong, wanda ya zo na ɗaya sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, shekarun da ko yaro ya san sunan da zai rubuta. A 2012 hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta Amurka ta fitar da hujjojinta, hukumar tseren keke ta duniya ta amince, aka soke nasarorin duka, shi kuma ya amsa laifinsa a farkon 2013. Da yake da yawa daga cikin waɗanda suka bi masa a waɗannan shekaru su ma an same su da irin wannan laifi, ba a ba kowa ba. Wanda ya buɗe jerin waɗanda suka ci gasar zai tarar da shekara bakwai a jere babu sunan kowa a gabansu.