Gasar Kartar Poker ta Duniya: Daga Ɗakin Binion Zuwa Taron Mutum Dubu Goma

Gasar World Series of Poker, wadda ake taƙaitawa da WSOP, ta samo asali a shekarar 1970 a gidan caca na Horseshoe da ke Las Vegas, jihar Nevada ta Amurka. Mai gidan, Benny Binion, ɗan Texas ne da ya san kan talla. Ya gayyato gwanayen karta 'yan kaɗan, suka kwashe kwanaki suna wasa, daga ƙarshe suka kaɗa ƙuri'a a tsakaninsu kan wanda ya fi kowa iyawa. Johnny Moss aka zaɓa, aka ba shi kofin azurfa.

A 1971 ne aka kafa tsarin da ake bi har yau. Kowa zai biya kuɗin shiga iri ɗaya a ba shi tsabar wasa, wanda tasa ta ƙare ya tashi, a ci gaba har mutum ɗaya ya kwashe duka. Mutum shida suka zuba dala 5,000 kowanne, Moss ya sake lashewa. A 1972 kuɗin ya koma dala 10,000, kuma, abin mamaki, a nan ya tsaya fiye da shekara hamsin. Wasan da ake yi a babbar gasar shi ne Texas Hold'em: kowa yana riƙe da kati biyu a ɓoye, a buɗe biyar a tsakiyar tebur don amfanin kowa. Sa'a tana da rabonta, amma lissafi da burga da karanta fuskar abokin karawa su ne jarin gwani.

Zakaran 1972, Amarillo Slim, mutum ne mai baki. Ya riƙa zagaya shirye-shiryen talabijin yana ba da labari, har wasan da ake gani na 'yan bayan fage ya fara samun shiga a idon jama'a, wanda dama shi ne abin da Binion ke nema. A 1976 aka soma ba zakarun babbar gasar da na sauran wasannin da ake yi tare da ita munduwar zinare, wadda yanzu ita ce ma'aunin daraja a wurin 'yan wasan. Doyle Brunson ya ci 1976 da 1977, duka biyun da kati mai lamba goma da mai lamba biyu a hannunsa, katunan da ba wanda ke marmari. Stu Ungar ya ci 1980 da 1981, ƙwaya ta durƙusar da shi, ya dawo ya ci a 1997, sannan aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin otal na Las Vegas a 1998, miliyoyin duk sun tafi. Johnny Chan ya ɗauki 1987 da 1988, a karo na uku Phil Hellmuth, ɗan shekara 24, ya tare masa hanya. Hellmuth ɗin ne ke kan gaba a yawan munduwa, yana da 17.

Babban juyi ya zo a 2003. Wani akawun lissafi daga Tennessee mai suna Chris Moneymaker, wanda bai taɓa zama a babbar gasa ido da ido ba, ya samu kujera ta wata 'yar ƙaramar gasa a dandalin intanet na PokerStars da kuɗin da bai kai dala ɗari ba. Ya doke sauran cikin mutum 839, ya tafi da dala miliyan 2.5. A lokacin tashar ESPN tana amfani da ƙananan kyamarori masu nuna katin da ɗan wasa ya ɓoye, saboda haka mai kallo a gida ya ga yadda baƙo ya yi wa ƙwararru burga suka zubar da katinsu. Nan fa kowa ya ce shi ma zai iya. Shekarar da ta biyo mutum 2,576 suka shiga, a 2006 kuwa 8,773, inda Jamie Gold ya karɓi dala miliyan 12. Dukkan wannan kuɗi daga aljihun masu shiga yake fitowa, bayan gidan ya cire kasonsa, kuma mafi yawansu hannu wofi suke komawa.

Cikin wannan haɓaka gasar ta kuɓuce wa iyalan Binion. Kamfanin Harrah's, wanda daga baya ya zama Caesars, ya saye ta a 2004, ya mayar da ita otal ɗin Rio a 2005. A ƙarshen 2006 Amurka ta kafa dokar da ta toshe hanyoyin biyan kuɗin cacar intanet, sai adadin ya faɗo zuwa 6,358 a 2007. A shekarar ne aka buɗe reshen Turai a Landan, inda Annette Obrestad 'yar Norway ta lashe babbar gasar ana gobe za ta cika shekara 19, shekarun da ba za a ma bar ta zama a teburin Las Vegas ba.

Sai a 2023 aka wuce adadin 2006, da mutum 10,043, Daniel Weinman ya ɗauki dala miliyan 12.1. A 2024 aka samu 10,112, kuma a shekarar Caesars ya sayar da sunan gasar ga kamfanin da ke bayan dandalin GGPoker a kan dala miliyan 500. Wasan dai yana nan Las Vegas duk bazara, a otal ɗin Paris da maƙwabcinsa, tsohon Bally's, wanda aka sauya wa suna zuwa Horseshoe.