YARA MASU ƘAGA WASAN KWAMFUTA A BIRTANIYA: DAGA TAKARDA ZUWA SAMFUR

A ƙasar Birtaniya akwai wata ƙungiya ta ma'abota sana'ar silima da talabijin wadda a ke kira BAFTA. Asalinta tun 1947 ne, babban ofishinta kuwa yana birnin Landan, a bakin titin Piccadilly. Abin da aka fi saninta da shi shi ne raba lambobin girma kowace shekara ga waɗanda suka yi fice a wannan sana'a. Da wasannin kwamfuta suka bunƙasa, har suka zama hanyar cin abincin dubban mutane, sai ta sa su cikin lissafinta. Cikin 2010 kuma ta buɗe wata gasa ta yara zalla, ta sa mata suna Young Game Designers, watau matasa masu tsara wasa. Labarin wannan gasa mu ke so mu kawo wa masu karatu, tun ba malaman makaranta ba, domin abin da ke samun yaro bayan ya ci, a ganinmu, ya fi cin gasar kansa ban sha'awa.

Da fari gasar ta 'yan shekara 11 zuwa 16 ce, su kan shiga uku-uku. Daga baya aka faɗaɗa ta, har ya zama yaro ko yarinya mazaunin Birtaniya, daga shekara 10 zuwa 18, yana iya shiga, ko shi kaɗai ko tare da abokai. An raba su aji biyu, 'yan 10 zuwa 14 da 'yan 15 zuwa 18, don kada babba ya danne ƙarami. Kowane aji kuma yana da ƙofa biyu. Ɗaya ta wanda ya iya sarrafa kwamfuta ce, har ya gina wasan da hannunsa, da irin kayan aikin nan da a ke samu kamar Scratch ko Unity. Ɗayar kuwa, wadda ta fi jan hankalinmu, ba ta bukatar ko layi guda na rubutun kwamfuta. Yaro zai zauna ne ya bayyana wasan da ya ƙaga a zuciyarsa: me mai wasa zai yi, me zai tare masa hanya, yaya a ke ci, yaya a ke faɗuwa. Sa'an nan ya haɗa da zane-zanensa ya aika. Alƙalai, waɗanda su kansu ma'aikatan sana'ar ne, su duba su zaɓa.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin aiki ne. Mu dubi dara wadda kowa ya sani: gidaje 30 ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa 12, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. Dokokin ba su cika tafin hannu ba, amma ga dattawa nan su kan wuni a kanta ba su gaji ba. Wanda ya fara ƙaga dara bai sassaƙa kome ba, bai ƙera kome ba; doka kaɗai ya ƙaga, dokar ce kuwa ta haifi daɗin. To, irin wannan basira a ke nema wurin yaran nan.

A shekarun farko na gasar, babbar kyautar wanda ya ci ba lambar ba ce. An yi masa alkawari za a ɗauki shawararsa a kai Jami'ar Abertay, a gina ta har ta zama abin da mutum zai iya kamawa ya buga. Wannan jami'a tana garin Dundee, a gabashin Sikotilan, garin da a da aka san shi da masaƙun zaren buhu. Masaƙun sun mutu, sai wata sana'a ta tsiro. A nan ne kamfanin DMA Design ya yi wasan Lemmings cikin 1991, da Grand Theft Auto cikin 1997. A wannan shekara ta 1997 kuma Abertay ta soma ba da digiri kan wasannin kwamfuta, ita ce ta fara yin haka. Watau dai an kai yaran gidan gwanaye ne.

MENE NE SAMFUR?

Abin da aka riƙa gina wa yaron a lokacin ba wasa cikakke ba ne irin na sayarwa. Samfur ne na gwaji. Misalinsa kamar tela ne da zai ɗinka sabon fasalin riga, ya fara yanka ta a akoko ya gani ko za ta zauna, kafin ya sa almakashi a shadda. Sau da yawa samfurin farko ba shi da ko kyan gani. Inda yaro ya zana jarumi da alkyabba, sai a sa wani ɗan akwati mai launin toka yana tafiya. Inda ya zana daji, a sa sanduna. Tambaya ɗaya tak a ke so samfur ya amsa: shin aikin nan da mai wasa zai riƙa maimaitawa, ko tsalle ne, ko gudu, ko tara kaya, yana da daɗi a hannu, ko babu? In babu, to, duk adon duniya ba zai cece shi ba.

Bari mu ba da misali. Cikin 2012 wani saurayi ya ci gasar da shawarar wasa mai suna Vacuum Panic, inda mai wasa zai share ɗakuna da injin zuƙe ƙura kafin uwarsa ta komo gida. A takarda magana ta ƙare ke nan, kowa ya ji ya yi dariya. Amma ranar da za a zauna gaban kwamfuta, sai tambayoyi su taso waɗanda takarda ba ta taɓa yi ba. Minti nawa za a ba shi kafin uwar ta iso? In an ba shi da yawa babu fargaba, in an rage ƙwarai ya fid da rai ya ajiye. Da wane sauri injin zai tafi? In ya bugi kujera, tsayawa zai yi ko ture ta? Kwamfuta ba ta san “da sauri” ko “kaɗan” ba, lamba ta sani. Ta kan sāke zana hoton da ke kan allo sau 30 ko 60 cikin daƙiƙa ɗaya, a kowane zane kuwa dole a gaya mata inda kowane abu ya ke. Saboda haka ko wace kalma ta cikin shawara sai an mai da ita lissafi, a gwada, a canza, a sāke gwadawa.

A nan ne ɗaci ya ke shigowa. Yaro ya kan rubuta duniya guda a takarda, garuruwa goma, dodanni ashirin, don alƙalami ba ya gajiya kuma tawada ba ta da tsada. Masu ginin kuwa mutane ne ƙalilan, lokacinsu ƙidayayye. Ko manyan ɗalibai da suka riƙa shiga wata gasa ta Abertay mai suna Dare to be Digital, su biyar-biyar, 'yan makonnin hutu kaɗai a ke ba su su fid da samfur. Don haka dole a yanke. Daga garuruwa goma a bar ɗaya, dodon da yaro ya fi ƙauna wataƙila shi za a fara jefarwa, domin gina shi zai cinye rabin lokacin. Yaron da jiya aka tafa masa a babban zaure, yau ga shi ana ce masa wannan ba zai yiwu ba, wancan ma haka. Mu dai muna ganin wannan ita ce jarrabawa ta ainihi, ta kuma fi ta gaban alƙalai wuya.

Bayan wannan sai a kawo baƙo, wanda bai san kome game da wasan ba, a miƙa masa. Al'adar masu sana'ar ita ce mai wasan ya koma gefe ya yi shiru, kada ya ce a danna nan ko a bi can, don ranar da wasan ya shiga hannun jama'a ba ya nan balle ya yi bayani. Sai ya ga baƙon ya tsaya yana lalube a wurin da shi ya ɗauka ko makaho zai wuce, ko kuwa ya ratsa ta cikin bango saboda wani kuskure da ba wanda ya lura da shi. Gani ya kori ji. Malamin da ya taɓa shirya darasi da daddare yana jin ya gama, da safe aji ya yi masa zuru, ya san irin wannan hali.

INA SU KE ƘAREWA?

Ya kamata mu faɗi gaskiya a nan, don kada iyaye su yi zaton cin gasa takardar ɗaukar aiki ce. Samfur ba haja ba ne. Tsakaninsa da kasuwa akwai aikin watanni ko shekaru, da kuɗi, da masu zane da masu kiɗa, kuma ko a manyan kamfanoni samfurori da yawa a nan su ke tsayawa. Akwai dai waɗanda suka ɗore. Dan Pearce, wanda yana cikin waɗanda suka ci gasar farko ta 2010, ya riƙe sana'ar, har ya fid da wasansa mai suna 10 Second Ninja cikin 2014. Amma ba mu ga dalilin auna gasar da yawan irinsa kaɗai ba. Yaron da ya koma karatun likita ko aikin ofis bayan ya ga an rushe shawararsa an sāke gina ta, ya riga ya san yadda a ke rubuta umurni wanda ba ya ɗaukar fassara biyu, abin da akawu da yawa su ke shekaru ba su ƙware a kai ba.

Ƙungiyar ta lura cewa yaran nan ba daga sama su ke faɗowa ba, akasari akwai wani malami a bayansu, saboda haka daga baya ta ware lamba ta musamman domin masu koyar da su. Matakin farko na aikin kuwa ba ya bukatar na'ura ko lantarki. Ko gwanayen sana'ar su kan fara samfurinsu da kwali da almakashi: a zana fili a takarda, a yanka 'yan guntaye su zama mutane, mutum ɗaya ya zauna a matsayin kwamfuta yana motsa su bisa dokokin da aka rubuta, ba ya ƙari ba ya ragi, wani kuma ya buga. Dokar da ta karye a soke ta da fensir, a rubuta wata, a sāke jera guntayen daga farko.