Ba Kowane Jini Ba Ne Basir: Yadda Aka Haska Mini Hanji

Duk mai shiga kasuwa ko tashar mota a garuruwanmu ya san muryar mai maganin basir. Lasifika a saman mota, kwalabe jere a gabansa, yana zayyano cututtuka: ciwon baya, kumburin ciki, kasala, jini a bayan gida. Duk basir ne a wajensa, kuma kwalba ɗaya ta isa. Basir dai gaskiya ne, yana nan, kuma yakan fitar da jini. Abin da ke damuna shi ne yadda muka mai da shi bargon da muke lulluɓe kowace cuta ta ƙasan cibiya da shi. Cikin abubuwan da ke ɓuya a ƙarƙashin wannan bargo har da sankarar babban hanji da dubura.

Ita ce ta ɗauke yayana, wanda nake bi. Ya daɗe yana ganin jini, yana shan jiƙe-jiƙe, yana ramewa, mutane na cewa basir ne ya ci ƙarfinsa. Ranar da aka kai shi asibiti ciki ya riga ya toshe, kuma cutar ta kai hanta. Shekarunsa 49 a lokacin. Allah ya jiƙansa. Likitan da ya duba shi ne ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kai da 'yan uwanka ku zo a haska hanjinku, ko da lafiyarku ƙalau."

Wannan sankara ba baƙuwa ba ce a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce ta uku a yawa cikin nau'o'in ciwon daji, ta biyu kuma a kisa. A shekarar 2020 kaɗai ta kama mutum sama da miliyan 1.9, ta kashe fiye da 930,000. Ita ce ajalin Pele, gwanin ƙwallon Brazil, a Disambar 2022. Ita ce kuma ta kashe Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, a Agustan 2020, yana ɗan shekara 43.

Amma tana da wani hali da ke ba mutum dama. Ba dare ɗaya take tasowa ba. Galibi takan fara ne da ɗan tsiro a jikin bangon hanji ta ciki, wanda ba ya ciwo, ba ya hana cin abinci. Yawancin irin wannan tsiro ba ya zama komai, amma wani yakan rikiɗe a hankali, cikin shekara goma zuwa goma sha biyar, ya zama sankara. In aka cire shi a cikin waɗannan shekaru, an kashe maganar tun ba ta taso ba. Ko da ma ya riga ya rikiɗe, alƙaluman Amurka sun nuna cewa in aka gano cutar tana nan a hanji ba ta bazu ba, kusan mutum tara cikin goma suna raye bayan shekara biyar. In ta kai hanta ko huhu, ba su kai biyu cikin goma ba.

Binciken da ke gano tsiron shi likitoci ke kira kolonoskofi. Wani bututu ne mai lanƙwasuwa, kaurin yatsa, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya da rabi, da fitila da kyamara a bakinsa. Ta dubura ake shigar da shi, ya bi babban hanji har ƙarshensa, likita na kallon komai a allo. Wasu likitoci biyu a birnin New York, William Wolff da Hiromi Shinya, su ne suka buɗe wannan hanya a 1969, kuma Shinya ne ya ƙirƙiro zargen waya da ake zurawa ta cikin bututun a tsinke tsiro ba tare da an tsaga ciki ba.

Duk wanda aka yi wa zai gaya maka wahalar tana wajen shiri. Dole hanji ya zama tas, don ɗan ragowar bahaya kaɗan zai iya rufe tsiro. Tun mako guda kafin ranar likita ya bi magungunan da nake sha ɗaya bayan ɗaya. Mai shan ƙwayar ƙarin jini ana sa shi ya dakata, saboda tana baƙanta hanji. Mai shan maganin tsinka jini da mai ciwon sukari kuwa kar su sauya komai da kansu, likita ne zai tsara musu. Da ya rage kwana uku sai aka raba ni da wake, zogale, rama, gyaɗa, riɗi, fura, da duk ɗan itace mai ƙwaya irin su gwaiba da kankana. Na koma farar shinkafa, farin burodi, ƙwai da kifi. Jajiberin ranar kuwa babu abin taunawa sam: ruwa, baƙin shayi ba madara, da romon da aka tace. An ja mini kunne musamman a kan zoɓo, domin jansa yakan yi kama da jini a cikin hanji ya ruɗa likita.

Sai maganin wankin ciki. Gari ne da ake damawa a ruwa mai yawa, lita biyu zuwa huɗu gwargwadon irin wanda aka ba ka, a sha rabi da yamma, rabi da asuba. Ɗanɗanonsa gishiri-gishiri ne mai ɗan yauƙi, kuma kofin farko ya fi na ƙarshe sauƙin haɗiya nesa ba kusa ba. Sanyaya shi a firji na taimakawa. Bayan kamar awa ɗaya ciki ya fara ƙugi, daga nan ni da buta ba mu rabu ba. Magariba da isha a ɗaki na yi su, kusa da banɗaki. Wajen tsakar dare na ture kofin gefe, uwargida ta mayar da shi gabana ta ce, "Malam, daure ka shanye, ka ji dai likita ya ce kar a rage." Gaskiyarta kuwa, don wanda bai wanku ba sai a sallame shi ya sake sabon shiri, ya sake biyan kuɗi. Alamar an wanku ita ce abin da ke fita ya koma ruwa zalla, garai-garai, mai ɗan rawaya. Shawarata biyu: a yawaita shan ruwa don kar jiki ya bushe, a kuma riƙa shafa man basilin bayan kowane tsarki, don wurin yakan yi zafi.

Na san abin da ke hana yawancinmu zuwa ba wannan ba ne. Kunya ce. Magidanci mai furfura ya kwanta a tura masa abu ta dubura, ko matar aure ta buɗe jikinta ga baƙo, abu ne mai nauyi a al'adarmu, ban kuma raina mai jin nauyinsa ba. Ni ma na ji shi. Amma abin da na tarar ya fi abin da na zata mutunci. An ba ni rigar asibiti, an lulluɓe ni da zane, ba a buɗe komai ba sai daidai inda ake buƙata. Mace na da damar tambaya ko akwai likita mace, kuma ta nemi a bar nas mace a ɗakin. Malamanmu ma sun daɗe da bayyana cewa neman magani lalura ce da ke halatta wa likita ganin abin da ya zama dole.

Nas ta ɗaura mini allura a bayan hannu ta ce, "Baba, juya gefen hagu, ka naɗe gwiwoyinka sama." Wasu barci mai nauyi ake sa su, sai dai su farka su ji an gama. Ni nawa maganin ya kashe mini jiki ne kawai, ina ji ina gani sama-sama. Ana hura iska don hanjin ya buɗe, ita ce ke sa ka ji ciki ya cika. Inda bututun ke karya kwana na ji murɗa, nas ta danna mini ciki da tafin hannu, ya wuce. Na juya ido ga allon, na ga cikin jikina: wani rami mai launin ja-ja, mai sheƙi, da zobba-zobba, da siraran jijiyoyin jini kwance a bangonsa. A hanyar fitowa likita ya tsaya. Ga wani ɗan tsiro nan mai siririn wuya, bai kai santimita ɗaya ba, yana reto. Na ga zargen wayar ya leƙo, ya zagaye wuyan, ya matse, tsiron ya rabu da bango. Ko ɗis ban ji ba, domin fatar cikin hanji ba ta jin yanka. Duka aikin bai wuce minti arba'in ba.

Bayan nan sai hutawa da sakin iska, wadda nas ta ce kar in riƙe. Ba a yarda mutum ya yi tuƙi ranar ba, don haka a zo da ɗan rakiya. Ni ƙanena ne ya mai da ni gida. Binciken na da haɗarinsa, ko da yake kaɗan ne. Wurin da aka cire tsiro kan iya zubar da jini, hanji kuma kan iya hujewa, amma hujewar ba ta kai mutum ɗaya cikin dubu ba. Wanda ya ji matsanancin ciwon ciki, ko zazzaɓi, ko ya ga jini mai yawa bayan ya koma gida, ya juya asibiti nan take. Nawa tsiron an kai shi ɗakin gwaji, sakamako ya nuna irin mai iya rikiɗewa ne, amma bai rikiɗe ba. An ce in dawo bayan shekara biyar.

Wa ya kamata ya je? A Amurka an sauko da shekarun fara binciken daga 50 zuwa 45 a 2021, saboda cutar na ƙaruwa a tsakanin masu ƙananan shekaru, kuma wanda aka samu hanjinsa lafiya sai bayan shekara goma. Wanda mahaifi, mahaifiya ko ɗan uwansa na jini ya yi cutar, ya fara a 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano ta a jikin ɗan uwan, duk wanda ya riga zuwa. Mai ganin jini a bahaya, ko sauyin bayan gida da ya ƙi ƙarewa, ko rama ba dalili, ko ƙarancin jinin da aka rasa sanadinsa, shi ba ruwansa da lissafin shekaru.

Saura maganar kuɗi, kuma ita ce mai wuya. Ana yin binciken a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da wasu asibitocin kuɗi, amma farashinsa ya fi ƙarfin talaka, kuma mutumin karkara sai ya yi doguwar tafiya. A ganina ya kamata inshorar lafiya ta ɗauki nauyinsa, domin cire tsiro ya fi tiyata da allurar sankara arha ƙwarai. Akwai kuma gwajin bahaya mai rahusa da ke gano jinin da ido ba ya gani. A Ingila hukuma ce ke aika wa manya kayan gwajin har gida duk shekara biyu, wanda aka ga jini a nasa shi ake kira a haska. Kaso mai yawa na wannan sankara da ake gani a asibitocin Nijeriya a dubura take zama, inda yatsan likita ke iya kaiwa. Wannan dubawa ta minti biyu ce da safar hannu, kuma kowane likita a babban asibitin garinku zai iya yin ta kafin a rubuta maka ko da ƙwaya ɗaya ta basir.