Me Ya Sa Madarar Cuku Ke Ƙin Barci Da Hunturu?

Wata mai sauraronmu daga ƙasar Dakoro ta aiko tana cewa ita sana'arta cuku, amma da hunturu sai madara ta ƙi barci, ran da ta ɗora ta a wuta kuwa sai ta yi asarar ƙwarya guda. Wai ko sammu ne?

To malama, ba sammu ba ne, sha'anin zafi ne. Tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi mai shan nono da kike jiƙawa ki zuba, akwai wani sinadari a cikinsa wanda masana ke kira inzayim. Aikinsa shi ne ya datse furotin ɗin da ke riƙe madara a ruwa-ruwa, sai ta dunƙule, ruwan ya ware gefe. To shi wannan sinadari a cikin cikin dabba ya saba aiki, inda ɗumi yake wajen digiri 39 a ma'aunin santigireti. Saboda haka ya fi kuzari tsakanin digiri 30 zuwa 40. In madara ta yi sanyi ƙasa da digiri 20, kamar yadda kan faru da asubar hunturu, sai aikin ya yi ta jan ƙafa, ko ma ta ƙi kamawa sam.

Amma ki lura da kyau a nan. Sanyi kwantar da shi kawai yake yi, da kin ɗumama madarar zai farka. Wuta kuwa kashe shi take yi. Da zafi ya kai wajen digiri 60 ya lalace ke nan, kamar dafaffen ƙwai, ko kin bar shi ya huce ba ya komawa ɗanye. Abin da ya cinye miki ƙwaryar nan ke nan. Madarar da aka riga aka tafasa ma ba ta kamawa da kyau.

Ba sai kin nemi ma'auni ba. Ki ɗiga a bayan hannunki, in kin ji ɗumi kamar yanzu aka tatso, to daidai ne. Ki zuba, ki rufe ƙwaryar, ki lulluɓe ta da zane kada iska ta buge ta.

Watakila ki ce ai kin ga Fulanin Benin da ƙasar Yarabawa suna yin nasu cukun, wato wagashi ko wara, a kan wuta. Gaskiya ne, amma su da ruwan ganyen tumfafiya suke yi, shi kuwa sinadarin tumfafiya yana son zafi har wajen digiri 70. Bayan ta dunƙule sai su tafasa ta, aikinsa ya tsaya. In za ki gwada, ki sa kaɗan don yana sa ɗaci, kuma ki kiyaye ƙaron tumfafiya kada ya shiga ido.